Altaneta da Bakin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka damƙa mini amanar amaryar Mukhtar ba, kuma ko na so in manta abokanmu ba za su bari ba. Har gobe in muka haɗu a wajen ɗaurin aure, sai wani ya ɗaga murya daga can nesa ya ce, "Injiniya, nawa take nunawa yanzu?" Kowa ya kwashe da dariya, ni ma in yi yaƙe in taya su. (Ni ba injiniya ba ne. Tarihi na karanta, kuma a sashen fansho nake aiki a wata ma'aikatar tarayya.)

Kafin in kai ku ranar, sai kun san tsohuwar motata, don ita ce ta lalata ni. Gadonta na yi a wajen kawuna, kuma ina kyautata zaton shi ma gadonta ya yi. Komai nata da sauƙi in ban da altaneta, wato ɗan injin nan da bel ke juyawa yana ɗura wa batir caji yayin da mota ke tafiya. Tata altanetar ra'ayi gare ta. Ran da ta ga dama ta yi aiki, ran da ba ta ga dama ba sai ka ga fitila na dushewa, oda ta koma kamar kukan ɗan akuya, daga nan sai turi. An tura ni a Wuse, an tura ni a Nyanya, an tura ni a bakin ƙofar ma'aikatarmu da safiyar Litinin, daraktana na bayana cikin motarsa yana jiran in ba shi hanya.

Wani rewaya, mai gyaran wutar mota a Mpape, wanda a lokacin na fi ganinsa a kan 'yan'uwana, shi ya koya mini abu biyu. Na farko, in inji na aiki ka ɗora mita a kan batir, dole ka ga sha huɗu ko kusa da haka. In ka ga sha biyu da wani abu, to altaneta ta tafi, batir kawai mota ke ci, ka fara waige-waigen masu turi. Na biyu, in ba ka da mita, ka cire kan batir inji na aiki: in mota ta ci gaba da ruri altaneta na da rai, in ta mutu ka san inda aka kwana. Na haddace waɗannan kamar karatun allo, kuma a tsohuwar motata ba su taɓa ba ni kunya ba. Sai kaina ya fasu. A ofis duk wanda motarsa ta yi tari ni ake kira, in naɗe hannun riga, in leƙa bonet, in girgiza kai, in ce, "Altaneta ce."

Sai zamani ya juya. Shekarun nan ne da Abuja ke tsiro ta ko'ina, inda ka bari daji bara bana ka tarar da rukunin gidaje, albashi ya ɗan motsa, kowa na sauya mota. Ni ma Allah ya yi mini tawa. 'Yar Kwatano ce, amma wallahi in ba an gaya maka ba sai ka rantse daga leda aka ciro ta: baƙa wuluk, kujerun fata, gilashi na latsawa, ga esi mai sanyi kamar ka sa kai a firij. Makon farko ban yi wa gwamnati aikin kirki ba, ina bakin taga ina leƙen ta a wajen fakin. Abu ɗaya ne bai bar ni ba, tsoron turi. Na riga na saba, duk motar da na shiga kunnena na wajen inji.

Wata rana a danjar Wuse wani mai talla ya manno mini wani ɗan abu a gilashi, bai fi babban yatsa ba, da ɗan allo mai nuna lamba.

"Oga! Wannan yana gaya maka gaskiyan batir. Ka sa shi a ramin sigari, shi ke nan. In ya yi kore, babu wahala. In ya yi ja, oga, ka yi fakin kawai!"

Ban ko yi ciniki ba. Na soka shi, ya kawo sha huɗu da ɗigo huɗu, kore shar. Daɗi ya kama ni kamar an yi mini ƙarin girma. Daga ranar kullum idona na kansa, kuma kullum sha huɗu da wani abu yake nunawa. (Ban taɓa lura da cewa tun da na sayi motar ban yi tafiyar minti ɗaya ba tare da esi a ƙure ba. Wa zai sayi irin wannan sanyi ya kashe?)

To, Mukhtar abokina ne tun sakandare, a Bwari yake aiki, can ya kama gida. Amaryarsa Safiya injiniyar lantarki ce a wani kamfani a Idu da ke haɗa inbata da batiran sola. Yarinya ce mai fara'a, ga baki, in ka ja musu da ita ka tabbata ka karya kumallo. Matsalar ita ce dangin Mukhtar na can gida, musamman yayar mahaifiyarsa da ake kira Hajiya Babba, sun yi ta gutsiri-tsoma tun ana neman auren: mace mai sa hular kwano tana ba maza umarni a masana'anta, ina za ta san kunya? Maganar ta zagayo har kunnen Gwaggo Indo, ƙanwar mahaifin Safiya, wadda ita ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta. Gwaggo ta ji zafin maganar nan sosai. Safiya ta ɗaukar mata alkawari cewa daga ƙofar gidan ubanta har ɗakin mijinta babu mai jin muryarta, babu mai ganin fuskarta, sai abokan ango sun zo sun sayi baki yadda al'ada ta tanada. Duk wanda ya san Safiya ya san ba ƙaramin alkawari ta ɗauka ba.

Da aka zo rabon aiki a tsakaninmu abokan ango, na yi tsalle na dire na ce ni zan ɗauko amarya. Sadik, wani abokinmu mai ƙatuwar jif, ya ce tasa ta fi dacewa. Na ce jif ɗinsa jijjiga take kamar injin markaɗe, tawa kuwa ko kofin shayi ka ɗora a kan kujera ba zai zube ba. Muka yi ta yi har Mukhtar ya raba gardama, ya ba ni. Ya ja ni gefe ya ce, "Don Allah ka kawo mini ita lafiya. Ka san idon dangina duk a kanta yake." Na bugi ƙirji na ce ya je ya kwanta ya yi barci.

Ranar Lahadi ce, bayan azahar, don baƙi na son kama hanya, 'yan Abuja kuma gobe aiki. Ga shi tsakiyar bazara, irin zafin nan da kwalta ke walƙiya. Tun safe na kai mota wanki, na sa aka ɗaura mata ribon, na turara ta har sai da ni kaina na yi atishawa. Na sha farar shadda da ta ji sitaci, na kafa hula. A Gwarimpa aka fito da amarya ana guɗa, leshi a ciki, lafaya a kai, ga wani mayafi mai kauri a kan lafayar, ko yatsanta ba ka gani. An ce tun da hantsi mai kwalliya ke aiki a fuskar nan. Aka sa ta a tsakiyar kujerar baya, Gwaggo Indo a dama, babbar ƙawarta Jamila a hagu. Ni ne a gaba, Sadik na bina, sai bas ɗin dangin ango da Hajiya Babba a ciki, sai sauran motoci. Muka kunna sigina bibbiyu, aka saki oda. Jama'a, ban taɓa jin kaina kamar ranar ba! Har masu jiran mota a bakin titi nake ɗaga wa hannu.

Mun hau babban titin Kubwa ke nan Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, kashe mini sanyin nan haka, gwiwata ba ta shiri da shi."

"An gama, Gwaggo." Na kashe esi.

Ba mu yi nisa ba na ji wata 'yar ƙara, ƙit, ƙit, ƙit. Na kai ido. Ɗan abin nan ya yi jawur, yana nuna sha biyu da ɗigo bakwai.

Na ɗan buge shi da yatsa, na zare na sake sokawa, yana nan a ja. Nan take na ga abin da zai faru tiryan-tiryan: motar amarya ta mutu a tsakiyar titi, ni da farar shaddata ina turi, bas ɗin dangin ango ya tsaya ana leƙe ta taga, Sadik na dariya har da riƙe ciki. Na ce a raina, ba dai yau ba. Tunda altaneta ta tafi, abin da ya rage a batir shi zai kai mu Bwari, kuma ba zan bar ko ɗigo ya zube a banza ba. Na kashe rediyo. Na kashe sigina. Na miƙa hannu baya na zare cajar wayar Jamila ba tare da ko sallama ba. Na duba, sha biyu da ɗigo shida. Wato duk abin da na kashe, sai lambar ta ƙara sauka.

Can Gwaggo ta fara fifita da gefen mayafi. "To ɗan nan, gwiwar ta huta, maido mana da sanyin kaɗan."

"Gwaggo, sai haƙuri. Mota ta sami 'yar matsala."

"To sauke gilashi."

"Shi ma gilashin da wuta yake sauka, Gwaggo."

Jamila ta ce, "Malam, kashe mu za ka yi? Ka san kayan da ke jikin yarinyar nan kuwa?"

Na gyara murya, na yi irin maganar da nake yi a wajen fakin na ofis. Na ce, "Gwaggo, abu biyu ne, ko zafi ko turi. Kina so dangin ango su ga ana tura motar amarya?" Gwaggo ta waiga ta hangi bas ɗin nan a bayanmu, ta juyo ta ci gaba da fifita. Don tausayi na sauke gilashina kamar faɗin yatsa biyu, ina jin zafin wutar da hakan ya ci har cikin raina.

Kafin mu kai kwanar Dutse motar ta zama tanda. Turaren da na banka da safe ya haɗu da humrar amarya da zufar mutum huɗu. Sitacin shaddata ya narke ya manne mini a baya. Ta madubi na ga wani ruwa na ɗiga daga ƙarƙashin mayafin amarya, kafaɗunta na rawa. Gwaggo ta gani, ta dafa ta cike da alfahari ta ce, "Yi kukanki, 'yar nan. Haka 'ya'yan mutunci ke barin gida." (Daga baya Jamila ta gaya mini ko hawaye ɗaya babu a lokacin. Zufa ce, rawar kafaɗar kuma takaici ne.)

Sai na ga kan amarya ya karkata wajen kunnen Jamila. Gwaggo ta ɗaka mata duka a cinya. "Ke! Me muka yi da ke?" Kan ya koma daidai. Jim kaɗan, da Gwaggo ta shagala da neman goro a jaka, kan ya sake karkatawa da sauri.

Jamila ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, wai an ce ka kunna komai. Esi, fitila, duka. Wai motarka lafiyarta ƙalau."

Kun san abin da na ce? Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na yi wata 'yar dariya ta manya na ce, "Ki ba ta haƙuri, zafi ne ke ɗibarta. Harkar mota daban, harkar inbata daban. A bar wa masu abin abinsu." Na ga hannu ya fito daga cikin lafaya, ja da lalle, ya damƙe gefen kujera, sannan ya koma.

Da muka kama hanyar Bwari, inda titi ke hawa da sauka tsakanin duwatsu, sai na gano wani abin al'ajabi. A wata gangara na ɗaga ƙafa daga totur, kawai sai lambar ta yi tsalle ta koma sha huɗu da rabi, kore shar! Na ce Allahu Akbar, ta farfaɗo! Na taka totur, ta faɗo ja. Na ɗaga, ta koma kore. Wani farin ciki ya lulluɓe ni, na ji kamar ni na ƙirƙiro lantarki. Na ce wato wata waya ce ta saki, in mota ta yi gaba da nauyinta sai ta taɓa. Shi ke nan, na samo dabara: in taka in figa, in saki in ɗan taɓa birki, in sake figa. Haka muka riƙa tafiya, gaba, baya, gaba, baya, kawunan mutum uku a madubi suna rusunawa tare kamar masu gaisuwa. Goron Gwaggo ya watse a ƙasa, ta kama salati da ƙarfi. Wayata ta yi ƙara, Sadik ne.

"Kai, lafiya? Koyon mota kake da amaryar mutane? Saura kaɗan in shige maka!"

"Ina sarrafa wata matsala ne, ba za ka gane ba." Na kashe.

Amma da muka fara wani dogon hawa, babu damar sakin totur, lambar ta zauna a ja ta ƙi motsi, ƙarar nan ƙit, ƙit tana huda mini kai. Na ce gara in san gaskiya. In altaneta ta mutu ɗungurungum, in haɗiye girman kai in mayar da amarya jif ɗin Sadik tun muna kan ƙafafunmu. Na gangara gefen titi, daidai wata bishiya da wasu matan Fulani ke sayar da nono a ƙarƙashinta, na bar inji na aiki, na fito na ɗaga bonet. Duk jerin motocin suka tsaya. Abokan ango suka firfito suka kewaye ni, kowa da shawararsa, wani ya ce fiyus ne, wani ya ce man da na sha ne. Bas ya buɗe, Hajiya Babba ta sauko da tawagarta suna gyara mayafai, suka tsaya dab da motar suna tambayar ko lafiya.

Ganin taro sai tsohon halina ya motsa. Na naɗe hannun riga, na ɗauko sufana a but, na ce, "Ku matsa ku ga yadda ake gwada altaneta ba tare da mita ba. Yanzu zan cire kan batir inji na aiki. In ta ɗauke, to..." Na ɗora sufana a notin kan batir, na fara juyawa.

Sai na ji zuuu, gilashin baya na sauka.

"MALAM! Kar ka kuskura ka cire kan batirin nan!"

Wallahi sufanar faɗuwa ta yi daga hannuna. Muka juya gaba ɗaya. Amarya ce, ta haye kan cinyar Jamila, ta yaye mayafi, kai da kafaɗa duk a waje. Fuskar nan da aka wuni ana gini ta rushe: hoda ta yi kwari-kwari, kwalli ya gangaro har haɓa, gashin ido ɗaya na roba ya sauko ya zauna a kumatu. Ita ko a jikinta.

"In ka cire shi inji na aiki, wutar da altaneta ke turowa ba ta da inda za ta faɗa, batirin ne ke shanye ta. Kai tsaye za ta haura ta ƙone ƙwaƙwalwar motar, a nan za mu kwana! Fitilar batir ta kama a gaban sitiyarinka? Ja, mai hoton batir?"

Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Ba ta kama ba."

"To me ya mutu? Wannan ba irin tsohuwar motarka ba ce da altaneta ke ta ɗura wuta ko ana so ko ba a so. Dubi kan batirin, ka ga ɗan baƙin abin nan mai siririyar waya? Shi ke gaya wa kwamfutar motar abin da ya shiga batir da abin da ya fita. In ta ga batir ya cika, ba a kuma jan wuta, sai ta ce wa altaneta ta sassauta, don kar a dafa batir a banza, a kuma rage shan mai. Shi ne ka ga sha biyu. In ka saki totur a gangara, sai ta ce to ga ƙarfi na banza, a yi caji da shi. In ka kunna esi ko fitila, ta ce a ƙaro wuta. Kai kuwa tun daga Kubwa kake kashe abubuwa, tana ƙara ce wa altaneta ta huta! Jamila, miƙa hannu ki kunna esi da fitila."

Jamila ta zura jiki gaba ta kunna. Abokan ango suka yi cincirindo a tagar direba, har da ɗaya daga cikin masu nonon. Ƙarar ta ɗauke. Sadik ne ya karanto da ƙarfi, yana jan kowace kalma don kowa ya ji: "Sha huɗu... da ɗigo... huɗu. Kore!"

A lokacin ne, ina ganinta, Safiya ta dawo hayyacinta. Idonta ya sauka a kan abokan ango da ya kamata su biya kafin su ji ko tarinta, ya wuce kan matan da ke tsaye, ya tsaya a kan Hajiya Babba. Hajiya Babba ta kama haɓa, ta dube ta sama da ƙasa, ta juya wajen 'yan'uwanta ta ce, "To. Dama an ce mana injiniya ce. Muryar ce dai ba a ba mu labari ba."

Gwaggo Indo ta miƙa hannu. Ta jawo Safiya ciki, ta mayar mata da mayafi, ta sa Jamila ta ɗaga gilashi. Ni kuwa ina tsaye da baƙin mai a hannun farar shadda, ina addu'ar ƙasa ta tsage. Na ɗaure notin da na fara kwancewa, na rufe bonet a hankali kamar mai tsoron tada jariri.

Sauran tafiyar cikin sanyi muka yi ta, mota na tafiya sumul kamar ba ita ba. Sai na fara jin sheshsheƙa daga baya, kuma wannan karon ba zufa ba ce. Kuka take yi sosai, irin na wanda ya riƙe abu da iya ƙarfinsa aka zo dab da ƙarshe aka ɓarar masa. Gwaggo ba ta ce mata haka 'ya'yan mutunci ke yi ba, ta dai rungume ta tana kallon waje. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a ɗan tsakanin nan ba. Da dariya aka yi mini a motar da ya fi mini sauƙi.

A ƙofar gida Jamila ta sa aka kare su da zannuwa, ta wanke mata fuska da ruwan leda. Haka aka shiga da ita, haka aka yi buɗar kai, duk hotunan ranar fuskarta wasai babu ko hoda, idanu a kumbure. Da aka zo sayen baki abokai suka turo ni gaba, wai ni ne babban aboki, ni zan yi jawabi. Na tsaya ina ta gyaran hula. Sadik ya ce a rabu da ni, ai ni na riga na karɓi rabona kyauta a bakin titi. Mukhtar, wanda labari ya riga mu isa wajensa, ya dube ni kawai ya ce, "Lafiya na ce ka kawo ta." Na ce, "Ai motar lafiyarta ƙalau." Ban san me ya sa na faɗi haka ba.

Dangin ango sun koma gida da labarinsu, kuma kowa ya ƙara masa gishiri. A wani ƙaulin ma har sufana amarya ta ƙwace ta shiga ƙarƙashin mota da lafaya. Safiya ta daɗe tana shan wannan tsegumi, ko da yake na ji yanzu duk wanda janaretansa ya ƙi tashi a dangin, har jikokin Hajiya Babba, ita ake bugo wa. Da na je ba ta haƙuri bayan biki, da kwalin lemo da kunya fal ciki, ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ni na yafe. Amma da ka ji maganar Jamila, da ko mutum ɗaya bai ji tawa ba." Gwaggo Indo kuwa ta yi kusan shekara in na gaishe ta sai ta amsa wa bango.

Abin da na koya shi ne, ilimin da ka samo a tsohuwar mota ka bar shi a cikinta ran da ka sayar. In kuma wanda ya fi ka sani ya yi shiru a bayanka, kar ka ɗauka yarda ya yi da kai, wataƙila alkawari ne ya ɗaure masa baki. Ban dai fita daga cikin amintattun gidan ba, don da Allah ya ba su 'yar fari Mukhtar ya sake ba ni aikin ɗauko wani muhimmin baƙo a motata, wato ragon suna. Ina shirin tashi daga kasuwa sai ga kiransa, ya ce mai jego ta ce a gaya mini, don girman Allah, in sauke wa ragon gilashi.